Lukla: Titin Jirgin Saman da Ba Ya Yafe Kuskure

A duniya akwai filayen jiragen sama masu ban al'ajabi. A tsibirin Barra na Sikotland, jirage kan sauka ne a kan rairayin bakin teku, don haka sai ruwa ya janye ake sauka. A tsibirin Saba na yankin Karebiyan kuwa, tsawon titin bai wuce mita 400 ba, kuma teku ne a ƙarshensa ta kowane ɓangare. Amma wanda ya fi shahara wajen haɗari shi ne na Lukla a ƙasar Nepal, inda masu niyyar hawan tsaunin Everest ke sauka.

An gina wannan fili a 1964 bisa jagorancin Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara kaiwa ƙololuwar Everest a 1953. A 2008 aka raɗa wa filin sunan su biyun. Tsawon titin mita 527 ne kacal, wato kimanin filin ƙwallo biyar a jere. A ƙarshensa na sama dutse ne, a na ƙasa kuwa kwari ne mai zurfi.

Sai dai babbar matsalar ba a ganin ta da ido. Lukla na bisa tudu mai tsawon sama da mita 2,800 daga teku, inda nauyin iska ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ɗalibin ilimin halittu ya san abin da wannan ke yi wa ɗan Adam: kowace shaƙa ba ta kawo wa huhu iskar oksijin yadda ya saba, sai mutum ya dinga haki. To, jirgi ma haka yake. Injinsa na buƙatar oksijin don ƙona mai, saboda haka ƙarfinsa kan ragu. Fukafukansa kuma da iska suke tallafe nauyinsa. Idan iskar ta yi shara-shara, dole ya ƙara gudu kafin ya ɗaga, kuma da gudun da ya fi na kullum zai taɓa ƙasa. Ke nan wurin da ya fi buƙatar dogon titi shi ne ya sami gajere.

Dabarar da ke rage wannan matsala ita ce gangara, domin titin ya karkata da kusan kashi 12 cikin ɗari. Mai sauka kan fuskanci hawa, sai tudun ya taya birki rage gudu. Mai tashi kuma kan bi gangara, sai ta ƙara masa sauri. Ƙananan jirage ne kawai irin su Twin Otter ke amfani da shi, galibi da safe, kafin gajimare da iska su taso.

Duk da haka, matuƙin da ya kusanto titin ba shi da sararin fasa sauka ya kewayo, saboda duwatsun da ke gabansa. Ranar 8 ga Oktoba, 2008, wani Twin Otter ya faɗi yana ƙoƙarin sauka cikin hazo, mutum 18 suka rasu. Wannan ne ya sa da zarar gajimare ya rufe kwarin, sai a dakatar da zirga-zirga, fasinjoji su yi ta jira, wani lokaci har kwanaki, sai gari ya washe.