Lemar Ƙasa da Hadarin Sama: Kada a Taɓa Na'urorin Awo

Duk manomin gero ya san cewa ba kowane ruwa ne ruwan shuka ba. Kafin ya ɗauki sungumi sai ya tona ƙasa da hannu ya ga inda lema ta tsaya. Masana yanayi ma lemar nan suke bibiya, sai dai su suna nemanta ne domin su san inda hadari zai haɗu gobe.

Idan rana ta bugi ƙasa mai danshi, yawancin zafinta yana ƙarewa ne wajen mayar da ruwan tururi, ƙasar ta zauna da sanyinta. Busasshiyar jigawa kuwa zafin take ɗauka ta gasa iskar da ke kanta. To, a inda wurin da ya sha ruwa jiya ya yi iyaka da wanda bai samu ba, sai iska mai sanyi ta kwararo zuwa ɓangaren zafi, ta tura iskar can sama, gajimare ya fara taruwa. Wannan ba hasashe ba ne. A shekarar 2006, ƙarƙashin babban shirin binciken damina na AMMA, an yi ta shawagi da jiragen awo a sararin Nijar da Mali. Daga bisani, a 2011, Christopher Taylor na Ingila da abokan aikinsa suka wallafa cewa kusan ɗaya cikin kowane hadari takwas a yankin Sahel irin wannan iyakar ce ke tayar da shi. Abin mamakin shi ne sau da yawa ta ɓangaren busasshiyar ƙasar yake farawa.

Daga sama akwai taurarin ɗan'adam masu auna lemar ƙasa: SMOS na Turai da aka harba a 2009, da SMAP na Amurka a 2015. Amma ganinsu bai wuce kimanin santimita 5 na saman ƙasa ba, kuma awo ɗaya yakan haɗe fili mai faɗin kilomita kusan 40. Shi ya sa dole a gwada abin da suka aiko da na'urorin da aka binne a gonaki, kamar na Banizumbu da Wankama a gabashin Yamai. Na'urar ba wani abin kallo ba ce: 'yan ƙarafa ne da aka soka a zurfi daban-daban, da waya zuwa ƙaramin akwati, da faifan sola a kan sanda, wani lokaci da ma'aunin ruwan sama a gefe.

A nan ne jan kunnen yake. Faifan sola da batir suna tsone wa ɓata-gari ido, garma takan tsinke waya, wasu kuma su ɗauka wata dukiya aka ɓoye a ƙasa. Babu zinariya a ciki, kuma na'urar ba ta korar hadari kamar yadda jita-jita kan yaɗa idan ruwa ya yi jinkiri. Aunawa kawai take yi. Wanda ya cire batirin ya sayar a kasuwa ya yanke lissafin shekaru da ba a iya maimaita shi, alhali irin bayanan nan ne cibiyoyi kamar AGRHYMET da ke Yamai da hukumar NiMet ta Najeriya ke buƙata wajen hasashen fari da ambaliya. Ƙasar da ta riga ta ƙoshi ba ta shan sabon ruwa, sai ya bi ta kan gidaje.

Ko da kyakkyawar niyya ma ana iya ɓata awon. Kada a zubar da ruwa kusa da wurin, kada a ɗaure dabba a jikin sandar, kada a ƙona yayi a gefenta. Idan an ga waya a fili ko akwatin a buɗe, a sanar da mai unguwa ko malamin gona.