Fargaba a Filin Wasa: Inda Tawakkali Ya Rabu da Laya

Ranar 6 ga Fabrairun 2022, a filin Olembe da ke Yawunde, Senegal ta samu fenareti tun farkon wasan ƙarshe na cin kofin Afirka. Sadio Mane ya buga, mai tsaron gidan Masar, Gabaski, ya kaɗe ta. Aka tashi babu ci har bayan ƙarin lokaci, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma bugun da zai raba gardama ya sake faɗowa kan Mane. Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya zuba ta a raga. Karon farko ke nan da Senegal ta ɗauki kofin.

Kada wani ya ɗauka irin su Mane, da aka san shi da sujada idan ya ci ƙwallo, gabansu ba ya faɗuwa. Idan mutum ya tsorata, jikinsa yakan saki sinadarin adiranalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe. Haka take ga ɗalibin da ke bakin ɗakin jarrabawar JAMB, haka ga mai cikin fari da naƙuda ta tasar wa. Wannan halitta ce, ba raunin imani ba. Aikin tawakkali shi ne sauke wa mutum nauyin sakamako. Wanda ya sakankance cewa ci da faɗuwa na hannun Allah, hankalinsa yana kan ƙwallon da ke gabansa, ba kan zagin da zai sha gobe a majalisa ba.

Sai dai akwai masu cin abinci da wannan fargabar. Duk wanda ya leƙa filin dambe, ko gasar kokawar takobi ta Nijar, ya ga layu a damtse da guru a ƙugu. 'Yan ƙwallon unguwa ma ba a bar su a baya ba. Matashi zai sayar da wayarsa ya kai wa boka, a ba shi ƙulli a ce ya binne a bakin raga kafin gari ya waye. Abin takaici, tsoron bai tafi ko'ina ba, ƙaruwa ya yi: ranar da laya ta tsinke, gwiwa ta yi sanyi tun ba a kai naushin farko ba.

Wani kuskuren kuma shi ne sakaci da sunan dogaro ga Allah. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989, Najeriya na karawa da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foe na Kamaru ma haka ya rasu a Faransa a 2003. Dukansu ciwon zuciya ne. Malamai kan tunatar cewa Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya fara ɗaure shi, sannan ya dogara. Don haka ɗan wasan da ke jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko ya taɓa suma yana gudu, kada koci ya ce masa "daure, Allah na nan" ya mayar da shi fili. A kai shi asibiti a yi masa gwajin zuciya kafin ya sake saka takalmi.