Daga Yolde Pate zuwa Bakin Kogi a kan keke: inda hanyar hasumiyar teku ta ƙare

A ƙasashen da ke bakin teku akwai wani nau'in yawon buɗe ido da ke ƙara samun karɓuwa: mutum ya hau keke, ya bi hanyar da aka keɓe a gefen ruwa, har ya isa wata tsohuwar hasumiya mai fitila wadda ta shekara ɗari ko fiye tana yi wa jiragen ruwa jagora. A Turai, hanyar kekuna da ake kira EuroVelo 1 ta taso daga ƙurewar arewacin Norway ta bi gaɓar Tekun Atlantika har zuwa Fotugal, kuma tsofaffin hasumiyoyin nan na cikin abubuwan da ke jan mahaya zuwa gare ta.

Jihar Adamawa ba ta da teku, saboda haka ba ta da irin wannan hasumiya. Sai dai tana da abin da ya haɗa ta da su kai-tsaye. Gaɓar Kogin Binuwai da ke Jimeta ita ce babbar tashar ƙarshe a cikin Najeriya ta doguwar hanyar ruwan da ke farawa daga bakin teku a yankin Neja Delta. Wanda ya hau keke daga unguwar Yolde Pate, ya ratsa garin Yola ya gangara Bakin Kogi, zai ga inda wannan hanya ta ƙare, ya kuma fahimci abin da aka yi asara da ta mutu.

Aikin hasumiyar teku

Bahaushe ya san hasumiya tun da daɗewa, Gobarau ta Katsina shaida ce. Ta bakin teku kuwa aikinta ɗaya ne: ta sanar da matuƙin jirgi inda yake a cikin duhu, ta gargaɗe shi game da duwatsu da tudun yashi, ta kuma nuna masa mashigar tasha.

Tsawonta ba don ado ba ne. Da yake duniya a dunƙule take, haske yana ɓacewa a bayan doron ruwa idan aka yi nisa. Fitilar da ke bisa mita 30 daga saman ruwa ana iya hango ta daga nisan kusan kilomita 20, kuma nisan yana ƙaruwa idan mai kallon yana saman babban jirgi. Kowace hasumiya tana da salon walƙiyarta: wata sau ɗaya cikin daƙiƙoƙi kaɗan, wata sau biyu ko uku a jere sannan ta ɗan tsaya. Da wannan ne matuƙi ke duba taswirarsa ya gane wace ce yake gani. Da rana kuma launin fentin jikinta ne ke yin wannan aiki.

Mafi shahara a tarihi ita ce ta birnin Iskandariyya da ke Masar, wadda aka gina a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsawonta ya haura mita 100. Babban sauyi ya zo a 1823, lokacin da aka ɗora gilashin da masanin Faransa Augustin Fresnel ya ƙirƙiro a kan hasumiyar Cordouan. Gilashin yana tattara hasken ƙaramar fitila ya mayar da shi tsinke ɗaya mai ƙarfi. A 2021 hukumar UNESCO ta sanya Cordouan cikin wuraren tarihi na duniya.

Afirka ta Yamma ma tana da nata. Akwai ta Mamelles a Dakar, wadda aka gina a 1864. Akwai ta Jamestown a Accra, mai launin ja da fari, ba nisa da unguwannin da Hausawan Gana suka fara zama a birnin. A Najeriya akwai ta kusa da Tarkwa Bay a mashigar Legas, sai kuma ta Akassa a Jihar Bayelsa, a bakin Kogin Nun, wadda ke tsaye tun farkon ƙarni na 20. Garin Akassa shi ne ya fi kusanci da labarin Yola.

Daga Akassa zuwa Jimeta

Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841. Sunan garin ya samo asali ne daga kalmar Fulatanci “yolde”, wato tudu, kuma ita ce dai kalmar da ke farkon sunan Yolde Pate. An zaɓi tudu ne saboda an san halin kogin da ke kusa.

A ranar 18 ga Yunin 1851 matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya tsallaka Binuwai a mahaɗarsa da Kogin Faro a kan hanyarsa ta zuwa Yola, a zamanin Lamiɗo Lawal. 'Yan kwanaki kaɗan ya yi aka sallame shi, amma rahoton da ya aika Turai ya nuna cewa wannan kogi zai iya zama ƙofar shiga tsakiyar nahiyar daga teku. A 1854 jirgin tururi mai suna Pleiad, a ƙarƙashin William Baikie, ya hauro Binuwai ya yi nisa, ko da yake ya juya kafin ya iso Yola. Tafiyar ta yi suna saboda an riƙa shan maganin kwini, kuma ba wanda zazzaɓi ya kashe.

Bayan haka sai 'yan kasuwa suka biyo. Kamfanin Royal Niger, wanda gwamnatin Ingila ta ba takardar iko a 1886, yana da babban sansaninsa na bakin teku a Akassa. Daga can jiragensa kan shiga Kogin Neja, su wuce Anaca su isa Lakwaja, su karkata cikin Binuwai ta Ibi da Lau da Numan har Yola. Shekaru da dama kamfanin yana ciniki ne daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa, domin masarautar ba ta saki jiki da baƙin ba. Tsoron nata bai zama banza ba. A watan Satumban 1901, lokacin da kogi ya cika, sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka hauro cikin jiragen ruwa suka ci Yola da yaƙi. Lamiɗo Zubairu ya fice daga garin, aka naɗa Bobbo Ahmadu a madadinsa. Hanyar da ta kawo gishiri da yadi ita ce ta kawo igwa.

A zamanin mulkin mallaka Jimeta ta bunƙasa a matsayin garin tasha da na ofisoshin gwamnati, yayin da Yola ta ci gaba da zama garin Lamiɗo. Babbar cibiyar jiragen kogin ta koma Burutu, kusa da mashigar Forcados. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga suna gangarawa teku, gishiri da yadi da kananzir da siminti suna haurowa, wasu kayan su zarce har Garwa a ƙasar Kamaru.

Duk wannan hada-hada ta 'yan watanni ce a shekara. Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,400, ba ya ɗaukar manyan jirage a wannan yanki sai a tsakiyar damina zuwa ƙarshenta. Jirgin da ya yi jinkiri har ruwa ya janye yana iya kafewa a kan yashi. Kuma da zarar an baro hasken bakin teku, babu sauran hasumiya. Tudun yashi yana sauya wuri kowace shekara, don haka idon matuƙi ɗan ƙasa, da gorar da ake auna zurfin ruwa da ita, su ne ke maye gurbin fitila. Ko da ruwa ya yi kyau, sai da ɗan gari akan ci gari.

Abin da mai keke zai gani

Yolde Pate na cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu. Zangon farko ga mai tasowa daga nan shi ne tsohon garin Yola, inda Fadar Lamiɗon Adamawa take. Lamiɗo na yanzu, Muhammadu Barkindo Aliyu Musɗafa, ya hau gadon sarauta a 2010, kuma a fadar akwai gidan adana kayan tarihin masarautar Fombina. A nan ne mai ziyara zai fara gane dalilin da ya sa aka nisanta garin daga bakin ruwa.

Daga nan hanya ta nufi Jimeta, tazarar 'yan kilomitoci ce kawai, kuma ba ta da hawa mai wahala. Titin da Jami'ar Amurka ta Najeriya take a kansa yana ɗauke da sunan Lamiɗo Zubairu, sarkin da ya ƙi miƙa wuya a 1901. Da an shiga Jimeta sai cunkoso ya ƙaru: Keke Napep, motocin haya, manyan motoci da masu tura baro.

Zango na ƙarshe shi ne Bakin Kogi da babbar gadar da ke ɗauke da hanyar Girei da Song da Mubi. Daga nan ana hango duwatsun Bagale a tsallake. Da rani kogin kan tsuke, faffaɗan yashi ya bayyana, manoman rani su shuka kayan lambu a gefe, masu ɗibar yashi da masu wanki da masunta kowa na sabgarsa. A watan Agusta da Satumba kuwa ruwa kan cika daga gaɓa zuwa gaɓa, a lokacin ne mutum zai yarda cewa jirgin da ya taso daga teku ya taɓa tsayawa a nan. Mai sauran ƙarfi a ƙafa zai iya zarcewa Tafkin Geriyo, ta wajen Jambutu, inda ake noman shinkafa da kayan lambu da ruwan tafkin.

Lokaci mafi dacewa shi ne na hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma da sanyin safiya. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40. Da yake mai keke yana raba titi ne da motoci, wajibi ne ya duba birki da iskar taya kafin ya tashi, ya riƙe hannun dama, ya sa hular kwano da tufa mai haske, ya ɗauki isasshen ruwan sha, ya kuma koma gida kafin magariba. A kan gada gara ya sauka ya tura keken. Kafin ɗaukar hoton mutane ko wani ginin gwamnati, a nemi izini.

Yadda hanyar ta mutu

Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe zirga-zirgar manyan jirage a Binuwai. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar daga kudu. Bayan yaƙin aka shimfiɗa tituna da gadoji, kaya suka koma kan tireloli masu tafiya rani da damina. A 1982 Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo a saman kogin, abin da ya sauya yadda ruwa ke hawa da sauka. Yashi kuma ya ci gaba da taruwa a cikin kogin. Madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa a Ƙaramar Hukumar Fufore domin tare ruwan da ake sakowa daga Lagdo har yanzu ba ta tabbata ba.

Sakamakon ya wuce batun ciniki. Kogin da yashi ya cike ba ya riƙe ruwa, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. An ga haka a ambaliyar 2012 da ta 2022, waɗanda suka shafi Adamawa da sauran jihohin da ke bin Binuwai da Neja. A ƙarshen Yulin 2025 kuma ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya haddasa ambaliya a sassan Yola ta Kudu, har da Yolde Pate, aka yi asarar rayuka da dukiya. Unguwar da sunanta ke nufin tudu ba ta tsira ba.

Kwale-kwale dai bai daina aiki ba. Ƙauyuka da yawa a gaɓar Binuwai da shi suka dogara wajen zuwa kasuwa da gona da asibiti, kuma kifewar jirage na ci gaba da cin rayuka a kogunan ƙasar nan. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta haramta tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙima, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Dalilin hana tafiyar dare shi ne dalilin da ya sa aka gina hasumiyoyin teku tun farko: ruwa ba ya yafe wa wanda ba ya ganin gabansa.

Abin da ya rage a yi

A ƙasashen da suka mayar da tsofaffin hasumiyoyinsu wuraren ziyara, na'urorin tauraron ɗan'adam sun rage buƙatar fitilar, amma ba a bar ginin ya rushe ba. An gyara shi, an kafa allunan bayani, an keɓe wa masu keke hanya, masu sayar da abinci da masu gyaran keke na ƙauyukan da ke kusa suka samu abin yi.

Yin irin wannan a Yola ba ya buƙatar gina hasumiya. Allunan bayani da Hausa da Fulatanci da Turanci a fada da Bakin Kogi, alamun da ke ware wa mai keke gefen titi, tsaftar gaɓa, da fitilu masu aiki da hasken rana a wuraren da kwale-kwale ke tsayawa, duk abubuwa ne da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin biyu da masarauta za su iya haɗa hannu a kansu. Makarantu ma na iya amfani da ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya, su fita da ɗalibai da sassafe su bi wannan hanya.

Dattawan da suka ga manyan jirage suna sauke kaya a Jimeta suna ƙara ƙaranci. Naɗar abin da suka sani, tun daga sunayen jiragen har zuwa wuraren da ake ɗaure su, aiki ne da ya kamata jami'o'in jihar su yi tun masu labarin suna raye.