Ihun Ɗan Kareti Ba Daga Maƙogwaro Yake Fitowa Ba

Akasarin jama'a ta finafinai suka san kareti, shi ya sa suke ɗaukar ihun da ɗan wasa ke yi lokacin kai naushi a matsayin burga kawai. A ganina, wannan ihu da Japanawa ke kira kiai shi ne ma'aunin da ke nuna ko mutum ya mallaki jikinsa.

Kalmar ta ƙunshi sassa biyu: ki, wato ƙarfin rai da himma, da ai, wato haɗuwa. Manufar ita ce niyya da numfashi da gaɓoɓi su haɗu a lokaci guda. Malaman wasan kan koyar da cewa sautin daga ƙasan cibiya yake tasowa. Idan mutum ya fitar da iska da ƙarfi daidai lokacin bugu, tsokar ciki na ɗaurewa, ƙugu ya tsaya daram, ƙarfin ƙafafu ya isa hannu. Wanda tsoro ya sa ya riƙe numfashi kuwa, jikinsa kan sandare, ya gaji da wuri. Razana abokin karawa riba ce ta biyu.

Kareti ya samo asali ne a tsibirin Okinawa, kuma Gichin Funakoshi ya baje kolinsa a Tokyo a 1922. A salon Shotokan da ya kafa, ba a ihu barkatai. Cikin jerin motsin da ake kira kata, galibi sau biyu ake yin sa. Heian Shodan, ɗaya daga cikin na farkon da ɗalibi ke koya, motsi 21 gare shi, amma a na 9 da na 17 kaɗai ake kiai. Sauran duk shiru ne, kuma shirun ne ke bai wa ihun nauyi. A wasan takobin Japan mai suna kendo ma, alƙalai ba sa ba da maki sai murya da sara da takun ƙafa sun zo tare.

Abin da ke damuna shi ne yadda gasa ke neman sauya wannan tarbiyya. Kareti ya kai har gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, inda Ryo Kiyuna, ɗan Okinawa, ya lashe zinare a kata. Abin alfahari ne. Sai dai matasa da yawa doguwar kururuwar da ke burge 'yan kallo suke kwaikwayo, su manta da shekarun gyaran numfashi da ke bayanta. Ihun da ya riga naushi gargaɗi ne ga abokin gaba, wanda ya biyo bayansa kuwa ya zama ihu bayan hari.

Saboda haka ina kira ga masu horarwa su fara da koya wa yaro numfashi kafin su nemi ya ɗaga murya. Idan ciki ya daidaita, sautin zai fito da kansa, gajere kuma a kan lokaci.