Filayen Ruwan Los Anjeles: Wa Ke Da Ta-Cewa?

Hukumar Ruwa da Lantarki ta birnin Los Anjeles a Amurka tana da filaye masu ɗimbin yawa a Kwarin Owens, sama da kilomita 300 daga birnin. Tun farkon ƙarni na 20 aka riƙa sayen gonakin manoma a can domin ruwan da ke cikinsu, aka kuma kammala magudanar da ke kai shi birni a 1913. Sakamakon janye ruwan, Tafkin Owens da ke kwarin ya ƙafe ƙaf, ya koma filin ƙura.

To, wa ke yanke hukunci kan waɗannan kadarori? Kwamitin mutum 5 ne ke jan ragamar hukumar. Magajin gari ne ke naɗa su, majalisar birni mai kujeru 15 ta tabbatar. Idan kwamitin ya yanke shawarar da ba ta kwanta wa 'yan majalisa ba, kashi biyu cikin uku nasu na iya janyo batun gabansu su soke shi.

Haƙƙin ruwa kuwa ya fi ƙarfin majalisar ma, sai masu zaɓe sun amince kafin a sayar. Abin takaicin shi ne, mazauna kwarin da ke hayar filayen kiwo daga hukumar ba su da ƙuri'a a zaɓen birnin.