Tseren keke a gangaren dutse: mai yanka hanya shi ke yanka farashin kuskure

 Ga abin da muka tattauna a filin wasanni na wannan mako, saboda wanda yake daji ko kan hanya bai samu saurare ba.

Da yawanku kun ga bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp da TikTok: mutum a kan keke ya sulalo daga ƙolin dutse, ya tashi sama ya tsallake kwazazzabo, ya dira ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Tambayar da aka fi turo mana ita ce, wai hauka ne ko asiri? To ba hauka ba ne, ba kuma layar zana ba ce. Wasa ne mai dokoki, kuma rabin abin da kuke gani ba aikin mahayin ba ne. Aikin wasu mutane ne da ba a nuna su a bidiyo, masu shebur da diga, waɗanda suka shafe makonni suna gina hanyar.

Bari mu fara da wasan kansa. Ba irin Tour du Bénin ba ne, wanda ya sha ratsa kwaltar Djougou zuwa Parakou, inda mahaya ke tafiya garke guda. A tseren gangara ɗaya bayan ɗaya ake sakin su daga sama, agogo ne alƙali. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta tsara tseren ya ɗauki minti 2 zuwa 5 ne kawai. Shahararriyar hanyar Fort William a ƙasar Sukotlan tsawonta bai kai kilomita 3 ba, amma daga sama zuwa ƙasa ana sauko fiye da mita 500. Ku kwatanta: dutsen Sokbaro da ke wajen Bassila, wanda ake lissafawa cikin mafi tsayi a ƙasar nan, mita 658 ne daga bakin teku. Keken ma ba irin namu na kai madara kasuwa ba ne. Yana da shokazoba gaba da baya mai lotsawa kusan santimita 20, da birkin mai irin na moto, kuma mai kyau kuɗinsa yakan haura sefa miliyan 3. Afirka ma ta fitar da gwani a ciki, Greg Minnaar na Afirka ta Kudu, wanda ya zama zakaran duniya sau huɗu, a 2003 da 2012 da 2013 da 2021. Na 2013 a garinsu Pietermaritzburg ya ci.

Yanzu ga inda maganar take. Masu gina irin wannan hanya suna raba abu biyu da mu kan haɗa su wuri ɗaya: wuyar wuri daban, abin da zai same ka idan ka kuskure daban. Kai makiyayi ka san wannan ba tare da an faɗa maka ba. Akwai mashigin rafi mai taɓo da santsi, shanu na shan wahala kafin su haye, amma wadda ta zame tashi za ta yi ta girgije. Akwai kuma gefen gwalalo mai sauƙin tafiya, ƙasa a bushe, amma saniyar da ta goce ƙafa ɗaya sai dai a kira mahauci. Na farko wuya gare shi, na biyu kuwa tsada. Gwanin mai gina hanya yana son hanyar da za ta tatsi gumin mahayi, ta bambanta gwani da ɗan koyo, amma wanda ya faɗi ya tashi da ƙafarsa.

Yaya ake yin haka? Ɗauki tsalle. Ana iya tara ƙasa a yi tudu mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur. Wanda gudunsa bai isa ba sai ya dira a kan teburin, ya ɓata lokaci, shi ke nan. Ana kuma iya barin rami tsakanin matashi da masauki. Tsawon tsallen ɗaya ne, bajintar ɗaya ce, amma a na biyun wanda ya gaza da taku ɗaya ƙirjin tudu zai daka. Masaukin kansa ba a yin sa a miƙe, gangare ake yi masa, domin wanda ya dira a gangare nauyinsa tafiya yake ci gaba da yi, wanda ya dira a fili kuwa duk nauyin a gwiwa da ƙashin baya yake ƙarewa. Kwana kuma ana ɗaga mata gefe kamar bakin ƙwarya don ta riƙe taya.

Sai lissafin gudu, wanda ina so kowane mai zemijan da mai dakon kaya ya riƙe shi. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ba biyu yake ninkawa ba, huɗu ne, haka ma tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai. Shi ya sa mai gina hanya mai hankali yakan sa kwana ko duwatsu kafin wuri mai haɗari, ya cinye wa mahayi gudu tun kafin ya iso. Bai dogara da cewa mahayi zai tuna ya taka birki ba. Mai neman kofi ba ya tuna birki.

A gasar UCI, kafin kowa ya hau keke sai an bi hanyar da ƙafa an duba ta, sannan a yi kwanakin gwaji. Ana ɗaure wa bishiyoyi katifa, a kafa raga a bakin gangare, a tura 'yan kallo baya. Masu tsaro na tsaye da usur da tuta, idan wani ya faɗi a ɗaga ja a tsayar da na bayansa. A wurare masu tsanani akan bar wata 'yar hanya ta kewaye, mai cin lokaci amma mai sauƙi, don wanda zuciyarsa ba ta ba shi ba ya samu mafita. Ni a ganina wannan 'yar hanyar ta fi katifun duka daraja.

To amma akwai gasannin da suka wuce nan, kuma su ne bidiyonsu ya fi zuwa wayoyinku. Red Bull Rampage an fara ta a 2001 a hamadar Utah ta Amurka. Can ba agogo, alƙalai ne ke ba da maki, kuma kowane mahayi da mutanensa su ke sassaƙa hanyarsu a jikin dutse. Ku lura da abin da wannan ke haifarwa: tunda maki na bin girman kasada, kowa ƙoƙarinsa ya yanka wa kansa hanyar da ta fi ta ɗan'uwansa ban tsoro. Ga iska, wadda takan sa a dakatar da gasar, domin mutum yana sama ba abin da zai riƙe. A 2015 Paul Basagoitia ya zarce masauki ya faɗi, lakarsa ta taɓu, ƙafafu suka mutu. Sai bayan doguwar jinya ya koma takawa da sanda. Bayan wannan ne aka yi ta cece-ku-ce a kan wa ke ɗaukar nauyin jinya, da ko kuɗin kyautar ya kai abin da mahaya ke sa wa a caca. Kamfani na samun talla ko an faɗi ko ba a faɗi ba. Ƙashin baya kuwa na mutum ɗaya ne.

Ɗayar ita ce Red Bull Hardline a ƙasar Wales ta Birtaniya, wadda Dan Atherton ya tsara, aka fara a 2014. A 2024 masu ginin suka ƙara wani tsalle na kimanin mita 20 a kan kwazazzabo, ruwa na gudu a ƙasa. Wajen gwaji Bernard Kerr da Matt Jones suka haye lafiya. Jim Monro ya faɗi, ya bugu a kai, aka tafi da shi asibiti. Aka cire tsallen, aka yi gasar ba da shi ba. Wasu masoya wasan sun ji haushi, suna cewa ai an nuna ana iya hayewa. Ni ina tare da waɗanda suka cire. Gwanaye biyu da suka haye da hutu a jikinsu ba hujja ba ce a kan mutum na ashirin da zai iso wurin hannu ya gaji, numfashi ya ƙare, agogo na korarsa.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. A zamanin fatake, lokacin da ayarin goro ke tasowa daga Gwanja ya yada zango a Djougou kafin ya nufi Nikki da Kano, bayan madugu akwai jagaba, wanda aikinsa sanin hanya. Ba a auna shi da mashigin da dokinsa zai iya hayewa, ana auna shi da wanda jaki mafi rauni zai haye da kaya a bayansa. Haka mai fitar da burtali: ya manta da tsohuwar saniya da ɗan maraƙi, ya yi aikin banza.

Abin da ya sa muka kawo batun cikin shiri shi ne yaranmu. Bidiyon ba ya nuna makonnin gini, ba ya nuna gwaji, ba ya nuna likitoci da jirgi mai saukar ungulu da ke jira a gefe. Yaro ya gani, ya ɗauki keken gida mai birkin roba, ya nufi ramin da aka ɗebi jar ƙasa ko gangaren duwatsun Taneka, ba hular kwano, ba wanda ya duba abin da ke ƙasan tudun. Daga can zuwa babban asibitin Parakou tafiya ce ta fiye da kilomita 130, kuma wanda lakarsa ta taɓu, ɗora shi a bayan moto na iya ƙarasa abin da faɗuwar ta fara. Idan irin haka ta faru, Allah ya kiyaye, kada a zaunar da shi, kada a lanƙwasa masa wuya. A bar shi kwance a miƙe, a riƙe kansa kada ya juya, a nemi ma'aikatan ceto. In dole sai an ɗauke shi, to a kan katako ko ƙyauren ƙofa, mutane da yawa su ɗaga shi lokaci guda.

Ku kuma masu bin hanyoyin daji da jarkoki da buhuna tsakanin Nikki da Chikanda, hanyarku ba wanda ya gina ta, ruwan sama ne ke sake zana ta kowace damina. Gangaren da ka sauka lafiya ranar kasuwar da ta wuce, yau ƙila zaizaya ta buɗe rami a ƙasansa. Zakarun duniya, da kekensu na miliyoyi, ba sa jin kunyar sauka su bi hanya da ƙafa kafin su hau. Kuma moto mai ɗauke da lita 200 ba ya tsayawa inda moto fanko ke tsayawa, musamman a kan tsakuwa, musamman in taya ta side.

Tun watan Maris na 2024 'yan sanda suka matsa a kan hular kwano, har da ta fasinja. Ga mai son sani, ta 'yan tseren gangara mai rufe haɓa ce gaba ɗaya, kuma da zarar ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya ajiye ta ake yi a sayi wata, ko da ba a ga tsagewa a waje ba, saboda soson cikinta ya riga ya murƙushe.