Ragon Layya a hoto: abin da gyaran gashi ke iya ɓoyewa

Idan Babbar Sallah ta gabato, ma'aikacin gwamnati da ke Abuja ba kasafai yake samun sararin zuwa gida ya zaɓi ragon layyarsa da kansa ba. Yakan jira hoto ta WhatsApp daga ƙane ko dillali, ya duba, ya tura kuɗi. Wannan ciniki ya samar wa masu gyaran hoto aiki a Gombe. A unguwar Herwagana da ke tsakiyar birnin, kwamfutar da aka saba gyara hoton amarya da ita takan karɓi hoton rago daga kasuwar dabbobi ta Tike, wani lokacin har da na dokin da ake shirya wa hawan Sallah.

Gashin dabba ya fi fuskar mutum wuyar gyara. Ana iya lailaye fatar fuska ido ya yarda, amma gashi kowane sili da inda ya kwanta, kuma kwanciyarsa a wuya daban take da ta haƙarƙari. Launi ma yana kawo tasa matsalar. Balami fari ne fat, saboda haka idan aka ɗauke shi da tsakar rana haske kan shanye gashin, jikin ya fito kamar an shafa masa farar ƙasa. Uda kuwa gabansa baƙi ne ko ja, bayansa fari. Kyamarar waya in ta daidaita wa ɓangare ɗaya sai ta ɓata ɗayan.

A nan ne gyara yake da hujja. Mai sana'ar zai rage hasken da ya yi yawa, ya buɗe inuwar da ta rufe ƙirjin ragon, ya cire igiya ko ƙudan da ya faɗo cikin hoto. Duk wannan mayar da hoton ne kusa da abin da mai tsaye a kasuwa zai gani da idonsa.

Sai dai kayan aikin ba su tsaya nan ba. Manhajar Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, tana da hatimin da ke kwafo lafiyayyen gashi daga wani sashe ya manna shi a inda ya zube. Tun 2023 an ƙara mata ƙirƙirarriyar basira mai cike gurbi da gashin da bai taɓa tsirowa a jikin dabbar ba. Wanda ba shi da kwamfuta ma yana iya share tabo da Snapseed a wayarsa, kyauta.

Abin da ake sharewa wani lokacin ba datti ba ne, ciwo ne. Kirci, cutar fata da ke dunƙule gashi ta bar ɓawo, ya fi yaɗuwa da damina, kuma kaska na taimaka masa. Ƙazuwa tana zubar da gashi ta bar fata a kaurare. Sallar Layya ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, lokacin da ruwa ya riga ya sauka. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa dabbar da ciwonta ya bayyana ba ta isar wa mai layya, haka mai tsananin rama. Ke nan wanda ya sayi ragon da aka rufe wa aibi yana iya yin asarar kuɗi, ibadarsa kuma ta shiga cikin shakku.

Hoton da aka taɓa yakan bar alama ga mai lura. Idan aka buɗa shi sosai, gashin da aka kwafo yakan maimaita kansa, zane iri ɗaya a wuri biyu ko uku. Wani gurbin zai fito sumul babu sili ko ɗaya, alhali kewayensa da kaushi. Gefen jiki, inda gashi ya haɗu da bango, kan yi wani farin layi ko ya yanke tsaf kamar da almakashi. Da yake WhatsApp yana matse hoto har ƙananan alamu su ɓace, ya fi kyau mai saye ya nemi a turo masa a matsayin fayil.

Abin da ya fi hoto shi ne gajeren bidiyo da safe ko da la'asar, a zagaya da ragon ta kowane gefe, a shafa gashinsa daga baya zuwa gaba yadda fata za ta bayyana. Dillalin da ya amince da hajarsa ba ya ƙin wannan. Idan kuma akwai ɗan'uwa a gari, kuɗin acaɓar da zai kai shi Tike ya taɓa ragon da hannunsa bai kai komai ba a kan farashin Balami guda.